Farantin fata na zazzage aljihu: aikin da ya kamata mai koyon dukanci ya fara da shi

Magidanci ya dawo gida da daddare, ya cire hula, ya sa hannu cikin aljihu ya fara fito da kaya: makullin babur, makullin shago, carbi, katin banki, 'yan canji, agogo, waya. Wani ya sauka a kan talabijin, wani a bakin taga, wani ya zame ya shige tsakanin kujeru. Gari na wayewa sai gida ya ɗauki cigiya, a tuhumi yara, a ɗaga katifa, a makara zuwa aiki. Turawa sun daɗe da yi wa wannan matsala magani da wani ɗan faranti da ake ajiyewa a bakin ƙofa ko a gefen gado. Faransawa suna kiransa da suna mai ma'anar "zazzage aljihu", Turawan Ingila kuwa sun ara masa sunan baran da ke kula da tufafin maigida, domin aikinsu ɗaya ne, wato tsare ƙananan kayan mutum har ya neme su.

Ana yin farantin da katako ko tangaran ko ƙarfe, amma na fata ya fi karɓuwa, saboda ba ya ƙara idan an jefa makulli a ciki, ba ya karce gilashin agogo ko na waya, ba ya fashewa idan ya faɗi. Masu koyar da aikin fata a ƙasashe da dama suna fara ɗora almajiransu a kansa, kuma dalilin a bayyane yake. Ƙyallen fata ɗaya ne mai kusurwa huɗu, a ɗaga gefunansa, a tsuke kusurwoyin. Babu zif, babu aljihu, babu doguwar ɗinki. Duk da haka, kafin mutum ya gama shi sai ya auna, ya yanka, ya jiƙa, ya lanƙwasa, ya huda, ya haɗa, ya goge baki, kuma waɗannan su ne ginshiƙan dukanci baki ɗaya. Wanda ya yi kuskure a nan asararsa ba ta wuce tafin hannu biyu na fata ba. Wanda ya fara da jaka ko takalmi kuwa, in ya ɓata, ya ɓata rabin fata da kwanaki da dama, kuma galibi daga nan ne zuciya take karaya a watsar da sana'ar.

Abin da ya sa batun ya shafe mu ya wuce neman makulli da safe. Ƙasar Hausa ba baƙuwar fata ba ce. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, takalma da jemammun fatu suna cikin manyan hajojin da ya tarar ana fitarwa daga birnin, wasu har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi ta ratsa Sahara shekaru aru-aru, Turawa suna saye a tashoshin Arewacin Afirka, suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita. Yau ma kamfanonin jima da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai suna sarrafa fatu, kaso mai yawa yana tafiya Turai, musamman Italiya da Sifaniya, inda ake mayar da su jaka da takalmi a sayar da tsadar da mai kiwon akuyar ba zai taɓa mafarkinta ba. Ribar tana wurin wanda ya yanka ya ɗinka. Saurayin da ke zaune ba aiki, mai tunanin cewa dukanci sai ɗan gado, ya kamata ya san cewa ƙofar shiga ba ta da tsada.

Zaɓen fata shi ne rabin aikin

A nan ne mafi yawan masu farawa suke faɗuwa tun ba su ɗauki wuƙa ba. Fatar da ke kasuwa iri biyu ce ta fuskar jima. Akwai wadda aka jeme da sinadarin kurom a kamfani, ita ce ta fi yawa a duniya, ita ake yi wa kujerun mota da riguna da mafi yawan takalma. Tana da laushi, tana jure ruwa, amma ba ta riƙe siffa. Ka lanƙwasa ta, ka sake ta, ta koma shimfiɗe kamar tsumma. Akwai kuma wadda aka jeme da tsirrai, irin wadda majemanmu suke yi da bagaruwa. Bayan an jiƙa ɗanyar fata a ruwan toka ko farar ƙasa an kankare gashin da kartaji, an tausasa ta, sai a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, sinadarin da ke cikin 'ya'yan itacen ya ratsa ta ya hana ta ruɓewa. Irin wannan fata tana da wata ɗabi'a da dukan aikin farantin ya dogara a kanta: idan ta sha ruwa sai ta yi biyayya, a sarrafa ta yadda ake so, idan ta bushe sai ta ƙage a siffar da aka bar ta.

Gane bambancin ba shi da wuya. A nemi mai kaya ya yanki ɗan gefe, a dubi cikin yankan. Mai jimar kurom cikinta yakan nuna toka-toka mai sirkin shuɗi, sai fa in rini ya ratsa ta gaba ɗaya. Mai jimar tsirrai cikinta ruwan ƙasa ne ko launin bawon gyaɗa. A ɗiga mata ruwa: in ta shanye nan take wurin ya yi duhu, ita ce ake nema, in ruwan ya tsaya a sama yana gangarewa, a ajiye ta. Hanci ma yana taimakawa, domin ta bagaruwa tana da ƙamshin itace da ƙasa wanda duk wanda ya taɓa shiga layin dukawa a Kasuwar Kurmi ya san shi.

Sai kauri. Farantin yana son fata mai kaurin milimita 2 zuwa 3, domin bangonsa ya tsaya da kansa. Wannan yana nufin ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa. Matsalar ita ce ƙirgi mai kyau ba ya samuwa da sauƙi kamar da, saboda fatar shanu da yawa tukunya take shiga a matsayin ganda kafin majemi ya gan ta. Fatar akuya kuwa da ƙyar take wuce milimita 1. Mafita ita ce a haɗa biyu, baya da baya, da gam ɗin da masu takalmi suke amfani da shi. A shafa shi siriri a kowane ɓangare, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a manna daga tsakiya zuwa gefe ana murzawa da kwalba don iska ta fita. A yi wannan a tsakar gida ko kusa da taga, warin gam ɗin yana hawa kai. Wanda ya bi wannan hanya zai sami wani alheri da mai ƙirgi bai samu ba: launi biyu, ja a ciki, baƙi a waje, ko yadda ya ga dama. Sai dai dole ya bi gefen da ɗinki, in ba haka ba wata rana fatun za su rabu. Wasu suna cusa kwali a tsakani don ƙarin ƙarfi. Ban yarda da wannan ba. Ranar da ruwa ya zuba a ciki, kwalin zai kumbura ya yi laushi, kuma babu hanyar ciro shi.

A duba fatar a haske kafin a biya. Tabon kaska, zanen ƙaya, da shatar wuƙar mai fiɗa duk suna ɓoye a cikin duhun rumfa. Yankin gadon baya ya fi ƙarfi da daidaito, na ciki da hammata yana miƙewa kamar roba, kada a yanki farantin daga nan. Kuma ba sai an sayi fata sukutum ba. Masu takalma da masu jaka, irin na Ƙofar Wambai a Kano ko Naraguta a Jos, suna da ragowar yanka da suke sayarwa da araha, kuma a cikinsu akan sami abin da zai isa.

Kayan aikin kaɗan ne: wuƙa mai kaifi sosai ko reza mai mariƙi, rula ta ƙarfe, basilla, allura biyu marasa tsini, zare mai kauri da aka murza da kakin zuma, abin huda rami, guduma ta katako ko ta roba, samfefa mai laushi, soso, da katakon roba irin na yanka nama a kicin. Kada a yanka a kan siminti, bakin wuƙar zai mutu a yankan farko.

Awo da yanka

A fara da kwali, ba da fata ba. A zana murabba'i mai santimita 24 a kowane gefe, a ja layi a ciki mai nisan santimita 4 daga kowane baki, a bar layukan su zarce har ƙarshe. Abin da zai fito shi ne babban murabba'i mai santimita 16 a tsakiya, wanda shi ne gindin farantin, da dogayen gefuna huɗu da za su zama bango, da ƙananan murabba'ai huɗu a kusurwoyi. Waɗannan ƙananan su ne za a tsuke su zama kunnuwa. Wanda yake son wayarsa ta kwanta sosai sai ya tsawaita gefe ɗaya zuwa santimita 28. A yanke kwalin, a lanƙwasa shi, a kama kusurwoyin da yatsu a ga yadda zai tsaya. Duk gyaran da za a yi, a yi shi yanzu, lokacin da kuskure bai wuce kuɗin kwali ba.

Daga nan a ɗora kwalin a kan fata, a bi gefensa da tsinin basilla a hankali. Kada a yi amfani da biro a fuskar fata, tawadarsa ba ta fita. A danne rula da ƙarfi, yatsu a nesa da bakinta, a riƙe wuƙa a tsaye, a ja sau uku ko huɗu a kan layi ɗaya. Mai son ya raba fatar da ja ɗaya shi ne wuƙa take kuɓuce wa, ta ci fatar ko ta ci yatsa. Wuƙa mai dakushi ta fi mai kaifi haɗari, domin ita ce ke sa a yi mata dole. Kusurwoyin waje guda huɗu a ɗan zagaye su, a ɗora kwabo ko murfin kwalba a bi gefensa, kunnuwan za su fi kyau kuma ba za su naɗe ba.

Gyaran baki ana yinsa ne yanzu, tun fatar tana shimfiɗe. Wannan shi ne matakin da yake raba aikin gwani da na gaggawa, kuma shi ne mai saye yake fara shafawa da yatsa ko da bai san abin da yake dubawa ba. A bi bakin da samfefa har kaifinsa ya tafi ya ɗan yi zagaye. A shafa masa ruwa kaɗan, ko ruwan ƙaro da aka jiƙa ya yi ɗan kauri, sannan a murza da tsumman tamfol ko guntun itace mai santsi, da sauri, har wurin ya ɗauki zafi. Zafin da matsin su ne suke kwantar da zaruruwan fatar su manne, bakin ya yi duhu ya yi sheƙi. A ƙarasa da kakin zuma. A ƙasashen waje ana sayen wani man Japan mai suna Tokonole don wannan aiki, amma ƙaron da ake sayarwa a kasuwanninmu yana biyan buƙata.

Ramuka takwas

Kowace kusurwa tana buƙatar rami biyu, kuma dole su haɗu daidai idan an naɗe ta. A kan kwalin, a dubi ƙaramin murabba'in kusurwa. Layuka biyu ne suka yi masa iyaka ta ciki. A kan kowanne a auna santimita 1 daga bakin waje, a ɗan matsa rabin santimita zuwa cikin ƙaramin murabba'in, a sa alama. A naɗe kusurwar kwalin a kan layin da ya ratsa ta daga lungu zuwa tsini, a soka basilla sau ɗaya ta ratsa ninki biyun. Ta haka ramukan ba za su saɓa ba. A yi amfani da wannan kusurwa ɗaya ta kwalin wajen sa alama a dukan kusurwoyin fatar huɗu, ana juya shi.

Na dage a kan wannan ne domin a nan na taɓa kwana ciki. Farantina na farko na auna kowace kusurwa daban da ido, ina ganin ai milimita biyu ba komai ba ce. Da na haɗa, bango ɗaya ya miƙe, na kusa da shi ya kwanta, abin ya zauna a kan tebur yana rawa kamar kwanon da ya lotsa. Rami in an huda ya hudu, fata ba ta warkewa.

Yanzu sai ruwa. A jiƙa soso, a shafa fuska da baya daidai wa daida, kada a tsoma fatar a bokiti. Za ta yi duhu. A bar ta wasu mintuna har launinta ya fara dawowa amma in an taɓa ana jin sanyi. Wannan shi ne lokacin da ta fi karɓar umarni. Fuskar fatar ce za ta zama cikin farantin, don haka a ɗora rula a kan layukan gindi, a bi su da bayan cokali ko ƙashi mai santsi ana dannawa, sannan a ɗaga kowane bango a matse lanƙwasar da yatsu. Mai son ado, ko sunan wanda za a ba kyauta, yanzu ne zai buga shi a gindin, domin jiƙaƙƙiyar fata tana riƙe duk abin da aka danna mata. Wannan ya haɗa da farce da zobe, saboda haka a yanke farce a cire zobe.

A nan akwai wani gargaɗi da ya kamata a fahimci dalilinsa. Jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ba ta shiri da baƙin ƙarfe. In aka bar rula mai tsatsa ko ƙusa a kanta, wurin zai yi baƙi, kuma ba ya goguwa, domin ƙarfen ya haɗu da sinadarin jimar ya zama rini. Dukawa sun san wannan sirri tun kaka da kakanni, da shi suke yin kuloko, baƙin rinin da ake haɗawa da kashin maƙera, kamar yadda suke samun ja daga karan dafi. Abin da yake ado in an yi shi da niyya, tabo ne in ya zo da kansa. A lulluɓe bayan rular da tef, kuma kada a kama kusurwoyin da maƙalin ƙarfe kai tsaye. Maƙalin shanya na roba ko na katako, da ɗan tsumma a ƙarƙashinsa, ya wadatar.

A tsuke kowace kusurwa kunnenta ya fita waje, fuska ta haɗu da fuska, ramuka biyun su dubi juna. Hanyar ɗaure su uku ce. Mafi sauri ita ce ƙusar ribit mai kai biyu: a zura, a ɗora murfin, a buga. A lura da tsawon ƙafarta, kada ya wuce kaurin ninki biyun da fiye da milimita 2, in ya wuce za ta karkace. Ta biyu ita ce maɓallin ƙarfe mai ɗanawa irin na jaket, wanda amfaninsa shi ne ana iya ɓalle farantin a shimfiɗe shi a cikin jaka lokacin tafiya, amma yana buƙatar nasa abin bugawa, kuma na arha suna saurin sakewa. Ta uku ita ce ɗinki, kuma ita nake ba mai koyo shawara ya zaɓa ko da ta fi cin lokaci. Maimakon rami ɗaya babba, a huda ƙanana uku ko huɗu da basilla a jere, daga bakin bango zuwa ƙasa. A sa allura a kowane ƙarshen zaren, a zura ta farko a daidaita tsawon, sannan kowane rami allurai biyun su ratsa shi, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, a ja su tare. Irin ɗinkin da ake yi wa sirdi ke nan. Fifikonsa a kan na keke shi ne in zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe, ba ya warwarewa. A ƙarshe a koma baya rami biyu a yanke. Ɗinki goma sha shida kacal ne a dukan farantin, amma hannun da ya iya su ya iya ɗinkin alabe da gafaka da kube.

A gyara tsayuwar bangon da yatsu tun da sauran damshi, a sa wani abu mai kusurwa huɗu a ciki, kamar ƙaramin akwatin roba, a ajiye a inuwa kwana ɗaya. Kada a kai shi rana, kada a kusanta shi da murhu. Fatar da ta bushe da gaggawa tana ƙanƙancewa ta yi tauri har ta tsage a lanƙwasa, kuma a lokacin hunturu iskar kaɗai ta isa ta yi wannan ɓarna, don haka a rufa masa tsumma. Da damina kuwa abin tsoro shi ne fumfuna, sai a nemi wurin da iska take ratsawa.

Ruwan da ya fita ya tafi da wani ɓangare na maiƙon fatar, sai a mayar mata. Ɗan man kaɗanya da aka narka da kakin zuma, a lakata da tsumma a shafa siriri, a bari ya shiga, a goge. Zai ƙara mata duhu, don haka a gwada a kan guntun da ya rage. Yawan mai yana sa bangon ya saki, wanda shi ne abin da aka sha wahala don a guje masa.

Wanda ya yi niyyar sayarwa sai ya yi lissafi tun daga na farko. Kamfanoni suna auna fata da ƙafa murabba'i, wato kimanin santimita murabba'i 929, farantin mai santimita 24 kuwa yana cin 576, kusan kashi biyu cikin uku na ƙafa ɗaya, ninki biyu in na akuya ne. A ƙara abin da ya tafi a ragowar yanka, da gam da zare, sannan a sa wa lokacin da aka ɓata kuɗi, domin shi ne abin da masu sana'ar hannu a wurinmu suka fi mantawa da shi. Na farko a ajiye shi a gida a zuba masa makulli, a riƙa lura da inda ya fara gajiya. Na biyu da na uku a kai wa wani tsohon baduku ya duba, zai ga abin da ido bai kai gare shi ba, musamman a wajen wasa wuƙa da fefe bakin fata. Mai son ilimin jima da na sarrafa fata a aji kuma, akwai cibiyar fasahar fata ta tarayya a Samarun Zariya da ke koyar da su.